Fashin baƙi: wa ke aika wa zuciya saƙon ta yi kauri?

Idan likita ya duba hoton zuciya ya ce wa majinyaci "zuciyarka ta kumbura", abin da kan zo wa yawancinmu a rai shi ne kumburi irin na ƙafar da ta gurɗe. Alhali sau da yawa naman zuciyar ne kansa ya ƙaru. Zuciyar baligi mai lafiya nauyinta na tsakanin giram 250 zuwa 350, amma ta wanda hawan jini ya daɗe yana ci ba magani takan haura giram 500. Sai dai ɗan tseren dogon zango ma zuciyarsa ta fi ta sauran mutane girma, kuma tun 1899 wani likitan Suwidin mai suna Henschen ya lura da hakan a jikin masu tseren zamiya a kan ƙanƙara. Mai juna biyu ita ma tata takan ƙaru, saboda jinin jikinta na ƙaruwa da kusan kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Ɗan wasa ya daina motsa jiki zuciya ta koma yadda take, mai ciki ta haihu zuciya ta koma. Mai hawan jini kuwa tasa hanyar takan ƙare da haki da kumburin ƙafa. Ruwa ba ya tsami banza, dole akwai abin da ya bambanta waɗannan girma biyu, kuma a cikin ƙwayar tsokar zuciya guda ɗaya ake samunsa.

Mafi yawan ƙwayoyin tsokar zuciya suna daina rabuwa gida biyu jim kaɗan bayan an haifi mutum. A 2009 masu bincike a cibiyar Karolinska da ke Suwidin suka auna wannan da wata dabara: gwajin makaman nukiliya na shekarun 1950 zuwa farkon 1960 ya bar wani nau'in kabon a iska, wanda ya shiga abinci ya shiga jikin mutane, don haka ana iya gane shekarar da aka haifi ƙwaya daga yawan kabon ɗin da ke cikinta. Suka gano cewa ɗan shekara 25 kusan kashi 1 cikin ɗari na ƙwayoyin zuciyarsa ne kawai ke sabuntuwa a shekara, ɗan shekara 75 kuma bai kai rabin haka ba. Ke nan idan aiki ya yi wa zuciya yawa, ba ta da halin ɗaukar sababbin ma'aikata. Waɗanda ke nan su ne za su ƙara jiki.

Ƙarin jikin iri biyu ne, kamar mai tufkar igiya da zai iya ƙara zare a gefe igiya ta yi kauri, ko ya ɗaura wata a ƙarshe ta yi tsawo. A cikin kowace ƙwaya akwai ƙananan injinan matsa da ake kira sakomiya, jere-jere. Idan matsalar ita ce tura jini a kan matsi mai yawa, kamar a hawan jini ko tsukewar ƙofar babbar jijiya, sai ƙwaya ta jera sababbin injina gefe da gefe, bango ya yi kauri, ɗakin da ke ɗaukar jini ya ƙanƙance. Idan kuma yawan jinin da ke shigowa ne matsalar, kamar lokacin da wata ƙofar zuciya ke yoyo, sai ta jera su ɗaya a ƙarshen ɗaya, ƙwaya ta yi tsawo, ɗaki ya buɗe. A 1975 William Grossman da abokan aikinsa suka bayyana wannan da ƙa'idar Laplace: nauyin da bango ke ɗauka yana ƙaruwa da matsi da faɗin ɗaki, yana raguwa da kaurin bango. Bayanin ya yi kyau ƙwarai, har aka shafe shekaru ana koyar da cewa kaurin zuciya kariya ce da ba makawa sai da ita. Za mu dawo kan wannan, don ɓeraye sun ƙi yarda.

Daga ƙofar gari zuwa fada

A ɗauki ƙwayar a matsayin gari mai ganuwa. A tsakiyarsa akwai fada, inda aka ajiye kundin gado, wato DNA, kuma kowane furotin da garin ke ƙerawa yana da babinsa a kundin. Girma ba zai yiwu ba sai an buɗe wasu babi an rufe wasu. Matsalar ita ce labarin ƙaruwar aiki a waje yake faruwa, kuma masu kawo shi ba sa tsallake ganuwa. Suna tsayawa a ƙofa su sanar da mai gadi, mai gadi ya tashi ɗan aike, ɗan aike ya tashi wani, har magana ta isa fada. Wannan miƙa saƙo daga hannu zuwa hannu shi masana ke nufi da hanyar saƙo.

Baƙi uku ne suka yi ƙaurin suna a ƙofar da ke kai wa ga mugun girma: noradirenalin da jijiyoyin tashin hankali ke saki, anjiyotensin na biyu wanda asalinsa ke farawa daga wani sinadari da ƙoda ke fitarwa, da endotelin, wanda Masashi Yanagisawa ya gano a Japan a 1988 yana fitowa daga fatar cikin jijiyoyin jini. Dukansu uku suna tsuke jijiya su ɗaga hawan jini, don haka an daɗe ana zaton ta nan kawai suke cutar da zuciya. Paul Simpson a San Francisco shi ya warware wannan a 1983. Ya raini ƙwayoyin zuciyar jariran ɓeraye a faranti, inda babu jijiya balle hawan jini, ya zuba musu noradirenalin, sai suka yi girma. Bayan shekara goma, a 1993, Junichi Sadoshima da Seigo Izumo a Boston suka shimfiɗa irin waɗannan ƙwayoyi a kan roba suka ja robar. Ƙwayoyin da aka ja suka saki anjiyotensin da kansu, suka saurari saƙon da suka aika wa kansu, suka fara girma. Da aka toshe ƙofar anjiyotensin, girman ya ragu sosai.

Ƙofofin baƙin uku daban-daban ne, amma a bayansu ɗan aike ɗaya suke tayarwa, wani furotin da ake kira Gq. Shi kuma yana tayar da wani inzayim, wato furotin mai sarrafa wasu sinadarai, da ke yanka wani kitse na jikin ganuwar gida biyu. Rabi ɗaya, DAG, yana zama a ganuwa ya kunna wasu inzayim na dangin PKC. Ɗaya rabin, IP3, yana kutsawa ciki ya buɗe rumbunan kalsiyam. A 1997 aka ƙirƙiri ɓerayen da zuciyarsu ke da Gq fiye da kima, ba tare da an ɗora musu wani aiki ba zuciyar ta yi kauri ta yi rauni. A 1998 aka yi akasin haka, aka toshe Gq sannan aka ɗaure musu babbar jijiya, girman da ya kamata ya biyo baya ya ragu ƙwarai.

Raɗa a tsakiyar lugude

A nan ne a ganina maganar ta fi daɗi. An ce kalsiyam ne ɗan aiken da ke kai saƙon girma. To amma kalsiyam ɗin nan shi ne dai ke sa zuciya bugawa. A kowane bugu yawansa a cikin ƙwaya na ninkawa kusan sau goma sannan ya sauka, kuma hakan na faruwa kusan sau 100,000 a kowace rana. Gidan da ake lugude ba dare ba rana, yaya za a yi wani ya ji an yi masa raɗa? Da a ce duk tashin kalsiyam umarnin girma ne, ai da zuciyar kowa ta cika masa ƙirji tun yana yaro.

Amsar ta fara fitowa daga wani wuri da ba a zata ba, wato ilimin garkuwar jiki. A 1998 Jeffery Molkentin, yana aiki a ɗakin binciken Eric Olson a Dallas, yana neman furotin da ke haɗa kai da GATA4, ɗaya daga cikin masu buɗe babin zuciya a kundin gado. Abin da ya kamo shi ne NFAT, wanda har sunansa ma daga fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta ya samo shi. A can an riga an san yadda yake aiki. NFAT na zaune ne a wajen fada ɗauke da wasu ƙananan ƙulle-ƙulle na fosfet a jikinsa. A ɗauke su a matsayin takalma: muddin yana sanye da su, ba shi ba shiga gaban sarki. Mai tuɓe masa takalman wani inzayim ne mai suna kalsinurin, wanda kalsiyam ke tayarwa. Da zarar an tuɓe, sai ya shige fada, ya haɗu da GATA4, su buɗe babin girma. Molkentin ya yi ɓerayen da kalsinurin ɗinsu ke kunne kullum, zuciyarsu ta ninka ta sauran sau biyu zuwa uku, ta gaza, da yawa suka mutu farat ɗaya.

Halin kalsinurin shi ne ba ya kula da tashin kalsiyam mai ƙarfi da ke zuwa ya wuce nan take. Wanda ke tayar da shi shi ne ɗan ƙarin da bai taka kara ya karya ba amma ya daɗe bai sauka ba, musamman a lungunan da yake zaune, kusa da wasu ƙananan ƙofofi na ganuwa da ake kira TRPC, waɗanda DAG da jan tsoka ke buɗewa su riƙa ɗigo da kalsiyam. Wani abin takaici, cikin babin da NFAT ke buɗewa har da na ɗaya daga waɗannan ƙofofi, wato TRPC6. Saƙo ya haifi ƙofa, ƙofa ta ƙara saƙo.

Akwai kuma masu mayar masa da takalman su rako shi waje, babbansu GSK-3. Don haka tufka da warwara ake yi a kowane lokaci, ana tuɓewa ana sakawa, kuma yawan NFAT da ke cikin fada ya dogara ne da ɓangaren da ya fi nacewa. Wannan ya sa hanyar ta zama kamar mai lissafin tsawon wahala. Hawan jinin minti goma na wanda ya ɗauki buhu ba ya tara komai. Na shekara goma yana tarawa.

Hanya ta biyu ta kalsiyam ta fi wannan wayo. A cikin fada akwai wani mai buɗe babi, MEF2, wanda a shirye yake kullum, sai dai an sa masa dogarai sun riƙe shi, su ne HDAC4 da HDAC5 da HDAC9. Ba a buƙatar shigo da kowa, fitar da dogaran kawai za a yi. Mai fitar da su wani inzayim ne, CaMKII, tare da wani ɗan'uwansa PKD, kuma yadda suke yi shi ne su saka wa dogaran takalman fosfet ɗin nan. Mai takalmi ba ya zama a fada, sai wani furotin mai suna 14-3-3 ya kama hannunsa ya fitar. A 2002 ɗakin binciken Olson ya nuna cewa ɓerayen da ba su da HDAC9 zuciyarsu na yin girman da ya wuce hankali idan aka matsa mata. A 2006 kuma ɗakin binciken Donald Bers ya nuna inda raɗar take: rumbunan da IP3 ke buɗewa suna da yawa a jikin katangar fadar kanta, kuma CaMKII na maƙale a wurin. Endotelin ya ƙwanƙwasa ƙofa, IP3 ya tafi kai tsaye bakin fada ya saki ɗan kalsiyam a wurin, HDAC5 ya fice. Da suka sa ƙwayar ta yi ta bugawa da kalsiyam ɗinta na kullum, HDAC5 bai motsa ba. Sinadari ɗaya ne, inda aka sake shi da tsawon zamansa su ne ma'anarsa.

Kada dai misalin takalmi ya ruɗi mai karatu. A wasu furotin ɗin, fosfet rawani ne, saka shi ke ba su iko. Haka yake a layin 'yan aike na Ras zuwa Raf zuwa MEK zuwa ERK, inda Ras ke tayar da Raf, Raf ya naɗa MEK, MEK ya naɗa ERK. Wannan layin shi ne ya fi ba da amsar tambayar igiya: ɓerayen da aka kunna wa MEK ƙwayoyinsu sun yi faɗi, waɗanda aka cire wa ERK nasu sun yi tsawo ɗakin zuciya ya buɗe. A mutane ma akwai shaida, yaran da aka haifa da ciwon Noonan mai alaƙa da tangarɗa a babin RAF1 yawancinsu zuciyarsu na yin kauri.

Abin da fada ke yankewa

Idan NFAT da MEF2 da GATA4 suka zauna, ba girma kawai suke umarta ba. Suna sake buɗe wasu babi da aka rufe tun ƙwayar na cikin mahaifa, abin da masana ke kira tsarin ɗan tayi. Mayosin shi ne furotin da ke yin ja a cikin injinan matsa, kuma ana komawa ga nau'insa mai jinkiri da tsimin makamashi. Wannan sauyi ya fi bayyana a ɓera, don mutum dama mai jinkirin ne ya fi yawa a zuciyarsa, amma ɗan mai saurin da yake da shi ma ɓacewa yake. Famfon da ke kwashe kalsiyam bayan kowane bugu, SERCA2a, yana raguwa, sai zuciya ta riƙa jinkirin sakewa, kalsiyam ya riƙa saura, wanda kuma abincin kalsinurin ne da CaMKII. Murhun ƙwayar, wanda a lafiya kitse ne mafi yawan makamashinsa, ya karkata ga sukari.

Maƙwabta ma ba a bar su ba. Anjiyotensin da aldosteron (sinadarin da ke sa jiki riƙe gishiri) da wani saƙo mai suna TGF-beta suna tayar da ƙwayoyin da ke saƙa zaren kolajin tsakanin tsoka, sai tabo ya riƙa shiga. Bango ya yi tauri kamar ƙirgi, ba ya miƙewa ya karɓi jini, jini ya koma baya ya taru a huhu. Shi ya sa za ka ga dattijuwa mai hawan jini hoto ya nuna zuciyarta na matsawa lafiya lau, amma ba ta iya kwanciya sai da matashi uku. Tabon kuma yana karkatar da wutar da ke tafiyar da bugu, daga nan rikicewar bugu ke tasowa. Ga kuma yunwa: ƙwaya ta yi ƙiba, ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da ita ba su ƙaru daidai da ita ba.

Hanyar ɗan wasa

Girman motsa jiki ta wata ƙofa yake shigowa. Baƙon shi ne IGF-1, ɗan'uwan insulin. A 2001 masu bincike a Florence ta Italiya suka auna jinin da ke fitowa daga zuciyar ƙwararrun 'yan ƙwallon ƙafa, suka tarar IGF-1 ya ƙaru, anjiyotensin da endotelin kuwa ba su ƙaru ba. Ƙofar IGF-1 na tayar da PI3K, shi ya tayar da Akt, Akt ya tayar da mTOR, wanda shi ne sarkin maƙeran furotin. Sunan mTOR daga maganin rafamaisin ya fito, wanda aka samo daga wata ƙwayar halitta a ƙasar tsibirin Rapa Nui. Gwajin da ya raba gardama shi ne na Julie McMullen a 2003. Ta ɗauki ɓerayen da aka raunana wa PI3K a zuciya, ta sa wasu iyo na makonni, wasu kuma aka ɗaure musu babbar jijiya. Masu iyon zuciyarsu ta ƙi girma yadda ya kamata, waɗanda aka ɗaure wa jijiya kuwa ta yi girma sarai. A 2004 ɗakin binciken Molkentin ya kawo ɗaya ɓarin: NFAT na tashi idan aka ɗaure jijiya, ba ya tashi idan ɓera ya yi gudu ko iyo. A wannan girma jijiyoyin jini na ƙaruwa tare da tsoka, murhu na ƙaruwa, tabo ba ya shiga.

Mesa ma ta shiga wannan bincike. An ruwaito a 2005 cewa mesar Bama idan ta haɗiye babban nama zuciyarta na ƙaruwa da kusan kashi 40 cikin ɗari cikin kwana biyu, ta koma bayan narkewa. A 2011 ɗakin binciken Leslie Leinwand a Colorado ya ware wasu nau'in kitse uku daga jininta, aka ba ɓeraye, zuciyarsu ta ƙaru ba tare da tabo ba.

Mutum zai so ya ce to shi ke nan, akwai hanyar alheri da hanyar sharri. Abin bai kai haka tsabta ba. A 2005 ɗakin binciken Kenneth Walsh a Boston ya kunna Akt a zuciyar ɓeraye. A makonni biyun farko girma mai kyau aka samu. Da aka bar shi kunne har mako shida, jijiyoyin jini suka kasa bin sawun tsoka, zuciya ta buɗe ta gaza. Masu ciwon da ke sa sinadarin girma ya yi yawa a jiki bayan balaga, waɗanda IGF-1 ɗinsu ke sama shekara da shekaru, su ma zuciyarsu na lalacewa. Sai ka ce to ashe tsawon lokaci ne kawai ke bambantawa. Nan ma aka gwada a Jami'ar Duke a 2006: aka riƙa ɗaure wa ɓeraye jijiya na minti 90 sau biyu a rana, daidai da lokacin da wasu ke iyo. Girman da suka yi kaɗan ne, amma jijiyoyinsu sun ragu, zuciyar ta fara taurin sakewa. Irin wahalar na da tasiri, tsawonta ma na da tasiri, kuma nauyin zuciya a kan sikeli ba ya faɗa maka ko ɗaya.

Birki, da inda birki ya tsinke

Zuciya na da nata birkin. A 1981 Adolfo de Bold, ɗan asalin Ajantina da ke aiki a Kanada, ya niƙa naman ɗakunan saman zuciyar ɓera ya yi wa wani ɓeran allura da ruwansa, sai fitsari da gishiri suka yi ta zuba. Haka aka gano ANP. Ɗan'uwansa BNP a ƙwaƙwalwar alade aka fara ganinsa a Japan a 1988, kafin a gane zuciya ce babbar mai yin sa. Dukansu cikin tsarin ɗan tayi suke, wato saƙon da ya umarci girma shi ne ya buɗe babinsu. Suna rage ruwa da gishiri, suna sassauta jijiya, a cikin ƙwaya kuma suna tayar da wani ɗan aike, cGMP, shi kuma ya tayar da inzayim PKG, wanda ke rufe ƙofar TRPC6 ya kwantar da kalsinurin. Gwajin BNP da ake yi wa mai haki a asibiti kukan wannan birki ake aunawa.

Wani birkin ya shafe mu kai tsaye. Gazawar zuciya bayan haihuwa ta yi yawa a arewacin Najeriya fiye da kusan ko'ina a duniya, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka rubuta a kanta, a Sakkwato kuma an ƙiyasta kusan mace 1 cikin masu haihuwa 100. An daɗe ana ɗora laifin kan wankan jego da kunun kanwa, amma babban binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta, wanda ya fito a 2020, ya fi nuna rama da talauci da hawan jinin ciki. Ta ɓangaren ƙwaya kuwa, Denise Hilfiker-Kleiner a Hannover ta Jamus ta nuna a 2007 cewa matan ɓerayen da ba su da wani furotin mai kare ƙwaya, STAT3, a tsokar zuciya suna kamuwa da irin wannan ciwo bayan haihuwa. Ba STAT3, guba mai kama da tsatsa na taruwa, ta tayar da wani inzayim da ke yanka furolaktin, sinadarin da ke kawo nono, guntun da ya fita kuma ya riƙa kashe ƙananan jijiyoyin zuciya. Daga nan aka fara gwada maganin buromokiriftin. Sai dai yana ƙafar da nono, kuma a gidan da ba kuɗin madarar gwangwani ba ruwa mai tsabta, wannan ba ƙaramin hukunci ba ne.

Wani lokaci kuma ba baƙon da ya zo ƙofa, daga cikin gida matsalar take. A 1990 ɗakin binciken Christine da Jonathan Seidman a Harvard ya gano tangarɗar harafi ɗaya a babin mayosin a wani dangi na Kanada da zuciyarsu ke kauri ba hawan jini. Kusan mutum 1 cikin 500 na da irin wannan ciwo. Injin matsar ne ke kamawa fiye da kima, yana ƙone makamashi yana riƙe kalsiyam, sai hanyoyin da muka bi a sama su ɗauka aiki ne ya ƙaru. Shi ne binciken gawa ya nuna a jikin Marc-Vivien Foé, ɗan ƙwallon Kamaru, wanda ya faɗi a filin wasa a Lyon ta Faransa ya rasu ranar 26 ga Yuni 2003 yana da shekara 28. Maganin mavacamten da Amurka ta amince da shi a 2022 rage yawan kawunan mayosin da ke kamawa yake yi.

Shin kaurin dole ne?

Mu koma ga Laplace. Binciken garin Framingham a Amurka ya nuna a 1990 cewa gwargwadon nauyin ɗakin hagu na zuciya gwargwadon haɗarin ciwo da mutuwa, ko da an cire tasirin hawan jini da shekaru. A 2002 ɗakin binciken Howard Rockman ya ɗaure jijiyar ɓerayen da aka toshe wa Gq. Bangonsu bai yi kaurin da lissafi ke buƙata ba, nauyin da ke kansa ya zauna sama, duk da haka bayan makonni zuciyarsu ta fi ta waɗanda bangonsu ya yi kauri iya aiki. Ra'ayina shi ne wannan gwaji ya fi duk sauran sauya tunani: abin da aka ɗauka garkuwa ne ya zo da guba a cikin kunshinsa, don ɗan aiken da ya kawo umarnin kauri shi ya kawo na tabo da na rage famfo.

To me ya hana a kashe ɗan aiken a ciki? Maganin da ke toshe kalsinurin yana nan tuntuni, saikulosforin, wanda ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Ya hana girma a ɓerayen Molkentin. A mutum kuwa yana danne garkuwar jiki, yana taɓa ƙoda, yana ma ɗaga hawan jini, garin gyaran gira a rasa ido. Sildenafil, wanda ke hana rushewar cGMP, ya rage kaurin zuciyar ɓeraye a Jami'ar Johns Hopkins a 2005, amma da aka gwada shi a 2013 kan masu taurin zuciya bai ƙara musu komai ba. 'Yan aiken cikin gida ba na zuciya kaɗai ba ne, ƙwaƙwalwa da ƙashi da jini duk da su suke aiki.

Saboda haka magungunan da suka yi nasara kusan duk a bakin ƙofa suke tsayawa, kuma yawancinsu suna nan a kantin magani na unguwa. Lisinopril na hana ƙera anjiyotensin, losartan na toshe ƙofarsa, spironolactone na toshe ta aldosteron, carvedilol da bisoprolol na tare noradirenalin. A gwajin LIFE na 2002, kan mutum sama da 9,000 masu hawan jini da kaurin zuciya, losartan da atenolol sun sauke jini kusan daidai, amma losartan ya fi rage kaurin, shanyewar ɓarin jiki kuma ta ragu da kusan kashi 25 cikin ɗari. A 2014 aka nuna cewa haɗa valsartan da sacubitril, mai hana rushe ANP da 'yan'uwansa, ya fi enalapril rage mutuwa da kwanciya asibiti da kusan kashi 20 cikin ɗari. A nahiyarmu kuwa baƙon da ya fi ƙwanƙwasa ƙofar sananne ne: binciken da aka yi a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya, wanda ya fito a 2012, ya nuna hawan jini ne sanadin kusan kashi 45 cikin ɗari na waɗanda aka kwantar da gazawar zuciya.

Idan aka sauke matsin, ko da magani ko da sauya ƙofar jijiyar da ta tsuke, ƙwayoyin na rama. NFAT ya koma waje da takalmansa, dogarai su koma kan MEF2, a warware injinan da suka yi yawa, kuma mafi yawan raguwar a shekarar farko take faruwa. Zaren kolajin da ya ratsa tsakanin tsoka ya fi jinkirin janyewa, yakan ɗauki shekaru. Inda kuwa ƙwaya ta riga ta mutu tabo ya maye gurbinta, hoton da aka ɗauka bayan tiyata yakan nuna shi yana nan daram.